Tarihin Giya Da Dawa A Ƙasar Gozaki

Masu karatu, yau zan ɗan jingine ƙagaggen labari in taɓo tarihi, kuma tarihin wani abu ne da ba a cika son ambatonsa a zaure ba, wato giya. Kada wani ya yi saurin tsuke fuska. Hukuncinta a wurin Musulmi sananne ne, ko yaron da ke makarantar allo ya san haramun ce, ni ma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda mu marubuta muke nuna mashayi a littattafanmu. Kullum ɗan wani attajiri ne da ya dawo daga Turai, ga sarƙa a wuya, ga kwalba a hannu, yana tangaɗi a otal. Mun sa mai karatu ya ɗauka giya baƙuwa ce da jirgi ya sauke mana jiya-jiya. Alhali kuwa a nan ƙasarmu ta Katsina Laka, daga Gozaki da Ƙafur zuwa Malumfashi da Ƙanƙara, giya ta girmi kwalba da ɗaruruwan shekaru, kuma tarihinta a ɗaure yake da na dawar da muke nomawa har gobe.

A ƙasashen Turai da inabi ake yin tasu. A Faransa akwai yankuna irin su Bordo waɗanda suka shahara da gonakin inabi, baƙi su riƙa bin gidajen matsa ɗaya bayan ɗaya suna ɗanɗanawa kafin su saya. Akwai ma wata giyar da ba a fito da sabuwarta sai ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, a yi ta shagali kamar ranar kamun kifi a Argungu. Mu a nan inabi baƙon amfanin gona ne. A 'yan shekarun nan ne manoman Kudan ta jihar Kaduna, nan maƙwabtanmu, suka yi suna wajen nomansa, kuma shi ma ci ake yi kamar mangwaro. Matsayin da inabi yake da shi a wurin Bafaranshe, a wurin kakannin Bahaushe dawa ce ke da shi. Ita ce tuwo, ita ce kunu, kuma kafin Musulunci ya kafu ita ce giya.

Shaidar wannan tana nan a rubuce. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke tare da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda, kowa da sana'arsa. Akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, sannan akwai wani mai suna Bugazau wanda aikinsa shi ne dafa giya. Wato a wancan zamanin mai dafa giya yana da gurbi a sahun manyan gari, kafaɗa da kafaɗa da maƙeri.

Gozaki, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Ƙafur, tsohon gari ne mai ganuwa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ambace ta tare da Maska cikin tsofaffin garuruwan kudancin Katsina, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Ƙasa ce mai laka, damina mai tsawo, ga auduga ga dawa. A irin wannan ƙasa ne Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda ake kira Maguzawa, suka fi daɗewa, a manyan gidaje da ke warwatse cikin gonaki, gida ɗaya ya ɗauki uba da 'ya'ya da jikoki. Kuma kowa ya shaide su da noma. Rumbun Bamaguje yakan kai wata damina da saura, wannan sauran kuwa shi ake mayarwa giya.

Aikin na mata ne, kuma aiki ne mai cin kusan mako guda. Mace za ta jiƙa dawa ta kwana, ta tsame, ta shimfiɗa a inuwa ta rufe, tana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu, sai ƙwayar ta yi tsiro. Wannan tsiron shi ne sirrin abin, domin shi ke juya garin da ke cikin ƙwaya ya koma zaƙi. Sai ta shanya, ta niƙa, ta dama da ruwa a manyan tukwane, ta dafa, ta bari ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, ta tace, ta bari ya huce. Daga nan sai ta zuba guntun tsohuwar giya a ciki, kamar dai yadda Bafillatana ke zuba tsohon nono a madara don ta yi kindirmo. Kafin gari ya waye tukunya ta tashi tana kumfa. Mai kaurin ita ce burkutu, wadda aka tace ta fi tsinkewa kuma ita ce fito. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, dusar da ta rage kuma a ba dabbobi.

Akwai wani hali na burkutu da ya tsara duk yadda ake hulɗa da ita: ba ta ajiyuwa. Kwana biyu ko uku ta yi tsami ta lalace. Saboda haka ba a fatauci da ita zuwa nesa, ba a tara ta don jiran tsada, dole a shanye ta a wurin da aka dafa, tare da jama'a. Tsofaffinmu sun sha ba mu labarin yadda ake yi ranar kasuwa. Mata su jera tukwane a gefe can bayan 'yan hatsi, mai saye ya tsuguna, a ɗebo masa kaɗan a ƙaramin ƙoƙo ya ɗanɗana kyauta, in ta yi masa ya sa a cika ƙwarya, in ba ta yi ba ya matsa gaba. Kowa ya san hannun matar da tata ta fi kyau, kuma da wannan ciniki mace ke sayen akuya, ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ba tare da ta jira miji ba.

Babban aikin giya a gidan Bamaguje kuwa a gona yake. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mutanen gida, sai maigida ya sa a dafa giya ya kira gayya. Maƙwabta su zo da fartanyoyinsu, a yi noma ana kiɗa, a tashi a sha. Ta haka hatsin bara ke biyan aikin bana, a zamanin da kuɗi ba su yawaita a ƙauye ba. Maƙwabtansu Musulmi ma suna gayya, sai dai su da fura da tuwo da goro suke sallamar jama'a. Haka kuma ba a biki, ba a zaman mutuwa, ba a yi wa iskoki yanka a gona ba tare da ita ba. Turawa masu bincike sun ga wannan rayuwa da idonsu. Joseph Greenberg, mutumin Amurka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, Farfesa Murray Last kuma ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972.

Mai karatu zai ce, to ina jihadi? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Katsina ta shiga hannun masu jihadi a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, ƙasar Malumfashi kuma ta zama mazaunin Galadiman Katsina. A kan Musulmi hukunci a fili yake: a mazhabar Malikiyya wanda ya sha giya bulala 80 ce. Amma Maguzawa an ɗauke su a matsayin masu zaman amana, suna biyan jiziya, an bar su da al'adunsu a cikin gidajensu. Wasu masana ma suna ganin sunan Maguzawa daga kalmar Majusu ya samo asali, wato mutanen da shari'a ta yarda a karɓi jiziya daga gare su. Da wannan tsari giya ta bar cikin gari ta koma karkara, ta zama alamar da ke raba Musulmi da Bamaguje, ko da yake harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya.

Da Turawa suka zo, abin mamaki, su ma da dokar hani suka zo. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels cewa ba za a kai barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin wannan rukuni, dokar barasa ta 1917 kuma ta raba Nijeriya zuwa yankunan da aka hana, da waɗanda aka taƙaita, da waɗanda ake sayarwa da lasisi. A Kudu kuwa harajin barasar da ake shigowa da ita daga Holan da Jamus shi ne babban abin da ke cika baitulmalin gwamnati kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bature bai hana kansa ba, yana sha a kulob ɗinsa, akawunsa ɗan Kudu ma ana ba shi takardar izini. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, kwalba ta samu hanya da masauki. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, ga injin gurzar auduga, ga leburori da direbobi da 'yan kamasho daga ko'ina. Rayuwar da Bahaushe ya laƙaba wa suna bariki ke nan, kuma a nan ne matashin Musulmi, wanda ba zai taɓa tsugunawa gaban tukunyar Bamagujiya a garinsu ba saboda idon jama'a, ya samu wurin da babu wanda ya san ubansa.

Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Gwamnatin Sardauna ta sa sashe a kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960, wanda ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya, amma kwalba ba ta fasa yaɗuwa ba. Ko adabinmu ya nuna yadda abin ya raba kan jama'a. Malam Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta Waƙar Giya yana yi wa mashaya faɗa. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya daɗe da zama a Funtuwa, ya yi waƙarsa ta A Sha Ruwa, wadda ta jawo masa surutun malamai har ya bar duniya a 1999. Duk su biyun a kan giyar gari suke magana, ta ma'aikata da 'yan kasuwa masu albashi da ciniki.

A daidai lokacin da kwalba ke ƙaruwa a gari, tukunya raguwa take yi a ƙauye. Daga farkon shekarun 1960 Sardauna da Jama'atu Nasril Islam suka tashi haiƙan wajen musuluntar da masu addinin gargajiya, daga baya ƙungiyoyin wa'azi suka ɗora. Maguzawa da yawa suka musulunta. Wasu da dama kuma, musamman a ƙasar Ƙafur da Malumfashi, suka shiga Kiristanci, kuma cocin ECWA, wadda ta samu mabiya a cikinsu, ita ma hana shan giya take yi. Wato masallaci da coci duk sun taru a kan kashe wutar murhun. Sannan noma kansa ya canza. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara da rancen Bankin Duniya a 1975, ya kawo takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara. Masara ta cinye gonaki da yawa da a da dawa ce a ciki, garmar shanu da tarakta da 'yan ƙwadago suka maye gurbin gayya. Wanda zai biya lebura da naira ba ya buƙatar ya dafa masa komai.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce dawa ta rabu da giya. To ba haka aka yi ba. Tun daga farko kamfanonin giya da tsiron sha'ir suke aiki, wanda ake shigowa da shi daga Turai. Da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shi a 1988. Kamfanoni suka rasa yadda za su yi, sai suka juyo kan dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta riga ta fitar da irin gajeren kaura mai lamba SK5912, aka gwada aka ga tana yin tsiro mai kyau, ita da farafara. Ko da aka sassauta hanin daga baya, kamfanoni ba su saki dawa ba, domin da naira ake sayenta, sha'ir kuwa sai da kuɗin waje. Nigerian Breweries ya buɗe katafariyar masana'antar tsiron dawa a Aba a 2008, a 2011 kuma ya mallaki wata a Kudenda ta Kaduna. Abin da injinan nan ke yi shi ne jiƙawa, da tsirarwa, da busarwa, wato sak aikin da Bamagujiya ke yi a bayan ɗakinta.

Ana cikin haka shari'a ta dawo. Zamfara ta ƙaddamar a watan Oktoba 1999, jiharmu ta Katsina ta bi a watan Agusta 2000 a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Aka soke lasisi, aka rufe mashaya a garuruwa. A Kano hukumar Hisba ta sa aka murƙushe kwalabe 240,000 a rana ɗaya a watan Nuwamba 2013, a farkon 2022 kuma kusan miliyan 4. A 2021 har gardama ta tashi a ƙasa, lokacin da wasu suka yi ƙorafin cewa jihohin da ke fasa kwalba suna karɓar kaso daga harajin kayan masarufi da ake tarawa har da na giya. To a duk tsawon waɗannan shekaru tirelolin hatsi ba su daina fita daga Ɗandume da Bakori da Funtuwa da Dawanau ba. Nijeriya tana noma dawa kimanin tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, mafi yawanta tuwo da kunu ake yi, wannan gaskiya ne. Amma wani kaso yana tafiya masana'antu, wani ɓangarensa kuma ya dawo a cikin kwalbar da ake murƙushewa.

A nan ne maganar ta shafi kowane gida a ƙasarmu, har gidan liman. Malaman Malikiyya sun yi bayani tuntuni cewa bai halatta mutum ya sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa da shi ba, kuma hadisi ya haɗa mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta cikin la'ana ɗaya. To manomin Gozaki da ya kai buhu biyar kasuwa fa? Shi dillali ya sani. Dillali ya sayar wa mai tarawa a sito, mai sito ya sayar wa ɗan kwangila, shi kuma ya kai wa kamfani. Bugu da ƙari, tsiron dawa ɗin nan shi ne kuma ake yin Maltina da Malta Guinness da shi, waɗanda babu maye a cikinsu, kamfanin Nestlé ma yana amfani da shi a Milo ɗin da muke dama wa yara. Buhu ɗaya yana iya ƙarewa a nan ko a can. Fatawa ta malamai ce, ba ta marubucin littafin soyayya ba. Abin da nake roƙo shi ne malaminmu ya san hanyar da buhun nan ke bi kafin ya ba da amsa, ƙungiyoyin manoma kuma su riƙa tambayar ɗan kwangila wa yake saya wa, musamman idan ya zo da iri da taki tun farkon damina da sharaɗin a sayar masa da kaka. A irin wannan ciniki babu batun rashin sani, domin takarda ake sa wa hannu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da ikon ya nemi wani mai sayen, amma fa sai ya sani tukuna.

Akwai kuma hasarar da ban ji ana magana a kanta ba. Da muka bar giya, mun haɗa har da sanin tsiro mun watsar, alhali tsiro ba giya ba ne, matanmu ma suna sa shi a kunun zaƙi don ya yi garɗi. Sana'ar da a da take hannun matan karkara, ribarta tana tsayawa a ƙauye, yanzu tana hannun manyan kamfanoni a wasu jihohi. Mu sayar da dawa ɗanya da kaka lokacin da ta fi araha, mu dawo mu sayi Maltina da tsada mu kai wa mai jego. Attajiranmu na Funtuwa da Malumfashi da ke zuba kuɗi a gidajen mai da manyan motoci, me ya hana su duba wannan fanni na halal, na abin sha marar maye da abincin yara, tunda dawar a ƙofar gidansu take?

Ga 'yan'uwana marubuta kuma, ina ganin lokaci ya yi da za mu daina mayar da Bamaguje abin dariya a littattafai da finafinai, mutumin da ba ya fitowa sai da tulun giya da baƙar magana. Jikokinsa ne muke sahu ɗaya da su a masallaci, wasu kuma maƙwabtanmu ne da ke zuwa coci ran Lahadi, muna haɗuwa a kasuwa da wurin biki da jana'iza. Wanda zai rubuta labarin ƙasar nan da gaskiya, to ya rubuta matar da ta aurar da 'ya'yanta da kuɗin tukunya, da ranar da ta kife tukunyar don ta karɓi sabon addini, da abin da ta koma yi don ta ci abinci. Ya rubuta jikanta da ke ɗaure buhu a kasuwar Ɗandume, bai san inda tirelar za ta sauke ba.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga kowane irin maye, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya ciyar da mu halal. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.